Babi na Shida: Kowace Hanya da Layinta

Mai shago a kasuwar Tsafe ya danna «tura» a manhajar bankinsa, 'yar da'irar nan ta fara juyawa a fuskar waya. A zatonsa kuɗinsa sun kama hanya. Alhali a wannan lokacin babu abin da ya tafi tukuna. Wayar tana ƙoƙarin buɗe hanyar magana ne tsakaninta da babbar kwamfutar bankin, wadda masu wannan aiki ke kira saba. Buɗe wannan hanya, da za mu riƙa kira haɗi, abu ne mai tsada, kuma tsadarsa a wurinmu ta fi ta mutumin Legas, balle na Landan.

Da farko sai wayar ta tambayo adireshin sabar, domin na'urori lamba suke bi, ba sunan da muke karantawa da haruffa ba. Sai gaisuwar TCP: waya ta ce tana son magana, saba ta amsa, waya ta ce ta ji. Zuwa ɗaya ke nan da dawowa. Sai yarjejeniyar TLS, inda saba ke nuna takardar shaidarta, su biyu su daidaita a kan mabuɗin da za su kulle zancensu da shi. A TLS 1.2 wannan yana cin zuwa da dawowa sau biyu, TLS 1.3, wanda aka fitar a watan Agusta na 2018, ya rage shi zuwa ɗaya. Sai an gama duk wannan ne ainihin buƙatar HTTP take fita, wato a tura naira kaza zuwa asusu kaza.

Kowane zuwa da dawowa kuwa nisa ne ke yanke masa farashi. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Fotugal zuwa Legas ya kai kilomita 7,000. Saƙo zai ci milisakan 35 kafin ya ƙetare ta, wani 35 kafin amsa ta dawo, kuma babu injiniyan da zai iya rage wannan ko nawa aka biya shi. A ƙara nisan Gusau zuwa Legas, a ƙara jiran da ake yi a turken sabis, a ƙara na kowace na'ura da saƙon zai ratsa. Mu ƙaddara duka ya kama milisakan 200 idan sabar tana Turai. To gaisuwar TCP da ta TLS 1.2 kaɗai sun cinye milisakan 600, fiye da rabin sakan, ba a faɗi abin da ya kawo mu ba. Dalilin kafa cibiyar musayar zirga-zirgar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006 ke nan, don saƙon cikin gida ya daina zagayawa ta ƙetare. Ta rage nisa, amma ba ta soke gaisuwar ba.

A tsarin HTTP/1.0, wanda aka rubuta a watan Mayu na 1996, 'yan watanni kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara daga Sakkwato, ƙa'idar ita ce a buɗe haɗi, a yi buƙata ɗaya, a karɓi amsa, a rufe. Shafin da ke da hoto ashirin sai an yi masa gaisuwa fiye da ashirin. HTTP/1.1 na watan Janairun 1997 ya juya lamarin: haɗi zai zauna a buɗe bayan amsa, sai dai idan wani ɓangare ya ce a rufe. Daga nan tambaya ta taso. Idan an gama da haɗin, wa zai riƙe shi, ina za a ajiye shi, kuma wa za a ba idan wata buƙata ta zo? Amsar ita ce ma'ajiyar haɗi, wani sashe a cikin manhaja da ke karɓar haɗin da aka gama amfani da shi, ya ranta wa mai buƙata na gaba.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ma'ajiyar tuli ɗaya ce, duk wanda ya zo a ɗauko masa na sama. Ba haka abin yake ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Gusau ya riga ya san dalili. Motar da ke lodin Tsafe ta hanyar Kwatarkwashi layinta daban, wadda za ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara layinta daban, ta Ƙauran Namoda ma haka. Ko da motar Tsafe na tsaye da kujera a sake, 'yan kamasho na kiran saura mutum ɗaya, ba ta da amfani ga mai zuwa Bungudu. Ɗaya gabas ta nufa, ɗaya yamma. Haɗin TCP haka yake. Tun ranar da aka buɗe shi an ɗaure bakinsa biyu, wannan na'ura da waccan saba, kuma ba ya sauya alƙibla har ya mutu. Saboda haka ma'ajiya ba ta lissafa haɗi a dunƙule. Rarraba su take yi layi-layi, kowace hanya da nata, sannan ta riƙe jimillar duka, kamar yadda filin tasha ke da iyakar motocin da zai iya ɗauka ko na ina ne.

To mene ne hanya a idon ma'ajiya? A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Mu ɗauki Apache HttpClient, ƙunshin manhaja na yaren Java da ake yawan amfani da shi wajen haɗa saba da saba. A cikinsa akwai wani abu mai suna HttpRoute, kuma shi ne alamar da ake liƙa wa kowane layi. Abin da ya ƙunsa ya wuce sunan inda za a je. Akwai sunan sabar da lambar ƙofarta, 80 ga zance a buɗe, 443 ga zance a kulle. Akwai bayanin ko haɗin kulle yake ko a'a. Akwai firoksi, wato sabar da ke tsayawa tsakani ta karɓi saƙo ta miƙa gaba, idan ta nan za a bi, kuma idan firoksin ya fi ɗaya to jerinsu duka. Har adireshin da saƙon zai fita ta cikinsa daga na'urar kanta yana ciki, idan an ƙayyade shi. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya bambanta, hanya ta zama wata.

Sakamakon wannan yana da ban mamaki idan aka bi shi a hankali. Sunaye biyu da ke nuni ga kwamfuta ɗaya hanyoyi biyu ne, kowanne sai an yi masa tasa gaisuwar. Suna ɗaya kuma da ke da kwamfutoci goma a bayansa hanya ɗaya ce tak, iyaka ɗaya ta hau kansu duka. Ofishin da ke tilasta wa kwamfutocinsa bin firoksi, kamar yadda manyan makarantu da bankuna kan yi, haɗinsa zuwa wata saba ba ɗaya yake da haɗin kai-tsaye zuwa wannan sabar ba. Idan zancen a kulle ne, manhaja tana roƙon firoksin ya haƙa mata rami zuwa saba guda, da umarnin da ake kira CONNECT, kuma wannan rami na waccan sabar ne ita kaɗai. Akwai ma wani rabo a cikin layi ɗaya: haɗin da aka buɗe da takardar shaidar wani mai amfani yana ɗauke da sunansa, kuma ma'ajiyar ba za ta ranta shi ga wani ba ko da hanyarsu ɗaya. Wannan a ganina shi ne mafi muhimmancin duk sharuɗɗan, domin kuskure a nan ba jinkiri yake haifarwa ba, buɗe wa mutum asusun wani yake yi.

Sauran ƙunshe-ƙunshen suna bin wannan tunani da ɗan bambanci. Yaren Go yana haɗa firoksi da nau'in zance da adireshi ya mai da su alamar layi. Urllib3 na Python yana buɗe ƙaramar ma'ajiya ga kowane suna da ƙofa. OkHttp na kamfanin Square, wanda tun daga Android 4.4 shi ne ke ƙarƙashin kayan HTTP na Android, yana rarrabewa tsakanin adireshin da aka nema da ainihin hanyar da aka samu aka bi. Ma'ana, yawancin wayoyin da ke aljihun mutanen Gusau da Bungudu suna tafe da irin wannan ma'ajiya, masu su ba su taɓa jin sunanta ba.

Abu ɗaya da hanya ba ta nufi shi ne wayoyin da saƙo ke bi a ƙasa ko a teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Najeriya. Kamfanonin sadarwa suka karkatar da abin da za su iya zuwa wasu wayoyin. A idon ma'ajiyar haɗi kuwa babu abin da ya sauya: suna ɗaya, ƙofa ɗaya, hanya ɗaya. Abin da ya sauya shi ne tsawon lokacin da kowace amsa ke ɗauka, kuma a nan ne lambobi biyun da zan yi magana a kansu ke nuna ƙarfinsu.

Kowace ma'ajiya tana da iyakar haɗin da za ta buɗe wa hanya ɗaya, da iyakar jimilla. A Apache HttpClient na 4, idan mai rubuta manhaja bai taɓa saitin ba, lambobin su ne 2 da 20: haɗi biyu ga kowace hanya, ashirin ga duka. Wannan biyun ba daga sama ta faɗo ba. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta 1999 ta shawarci manhajar mutum ɗaya da kada ta riƙe fiye da haɗi biyu da kowace saba, don a tausaya wa sabobin wancan zamani. Masu burauza sun daɗe da tsallake shawarar, suka tsaya a shida, kuma da aka sabunta ƙa'idar a 2014 an cire lambar gaba ɗaya. Apache HttpClient na 5 ya ɗaga nasa zuwa 5 da 25. Amma manhajoji masu yawa da aka gina a kan na 4 suna nan suna aiki da 2 ɗinsu.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ina so duk ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara ya iya yin sa a ka. A HTTP/1.1 haɗi ɗaya buƙata ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Sai amsa ta dawo sannan a ba na gaba. Idan amsa na ɗaukar milisakan 10, kamar tsakanin sabobi biyu da ke ɗaki ɗaya, haɗi biyu za su sallami buƙatu 200 a sakan. Idan tana ɗaukar rabin sakan, buƙatu huɗu ne kawai. Idan ta kai sakan biyar, to a kowane sakan biyar mutum biyu ne za su samu biyan buƙata. Manhajar ba ta sauya ba, kwamfutar ba ta gaji ba, ƙwaƙwalwarta na nan a sake, amma ɗaruruwan buƙatu na tsaye a layi suna jiran a dawo da haɗi. A na 4 ɗin nan kuma, idan ba a ƙayyade lokacin jira ba, mai jira zai yi ta jira ne babu iyaka. Wanda ya gwada manhajarsa a kan tebur, sabar gwaji na kusa da shi, ba zai taɓa ganin wannan ba sai ranar da jama'a suka hau.

Mun ga yadda hawan jama'a yake a farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, har gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni mai tumatur da mai shayi da ɗan acaɓa duk sun koma karɓar taransifa, kuma maganar da ta cika bakin mutane ita ce an cire amma bai shiga ba. Cunkoson wancan lokaci yana da dalilai da yawa, amma siffarsa ita ce wadda wannan lissafi ke bayyanawa: idan saba ɗaya a cikin jerin ta yi nauyi, duk wanda ke jiran amsarta yana riƙe da haɗi, duk wanda ke bayansa yana jiran haɗin, jinkirin ya yi ta komawa baya har ya iso wayar mai shago.

Wani zai ce to a cire iyakar hanya mana, a bar ta jimilla kawai. Ban yarda ba. Ka ɗauki manhajar da ke sayar da katin waya, tana biyan kuɗin wuta, tana kuma tura kuɗi banki. Hanyoyi uku ke nan. Ranar da sabar kuɗin wuta ta daina amsawa da wuri, buƙatunta za su riƙa karɓar haɗi ba sa mayarwa. Idan babu iyakar hanya, cikin ɗan lokaci za su cinye ashirin ɗin duka, mai sayen katin naira 100 ya tsaya cik a kan laifin da ba na hanyarsa ba. Iyakar hanya ce ke tsare cutar a inda ta ɓulla. Abin da ya kamata shi ne a auna: buƙatu nawa ke zuwa a sakan a lokacin da aka fi cunkoso, amsa na ɗaukar tsawon wane lokaci a ranar da sabis ya yi rauni, a ninka su, a ba kowace hanya gwargwadon nauyinta. Apache ya ba da damar a sa wa kowace hanya lambarta daban. Ɗaga lambar zuwa dubu don a huta kuma zalunci ne ga sabar da ke can, wadda ita ma ke da iyakarta.

Akwai kuma ɓarnar da mai rubuta manhaja ke yi da hannunsa. Haɗi ba ya komawa ma'ajiya sai an karanta amsar har ƙarshe ko an rufe ta. Mantuwa ɗaya a sashen da ke kula da kuskure ta isa: duk lokacin da saba ta dawo da amsar gazawa, haɗi ɗaya ya tafi ke nan. Mai haɗi biyu, gazawa biyu ta rufe masa hanya har sai an kashe manhajar an kunna.

Matsalar da ta fi shafar yankinmu ita ce haɗin da ya mutu yana kwance a ma'ajiya. Saba ba ta jiran kowa har abada: sabar Apache tana rufe haɗin da ba a amfani da shi bayan sakan 5, sabar nginx bayan sakan 75, idan ba a sauya saitinsu ba. OkHttp kuwa yana ajiye nasa har minti biyar, Go sakan 90. Idan sabar ta rufe kuma sanarwar ta iso, da sauƙi. Amma wayar da ke cikin mota tsakanin Gusau da Tsafe, sabis na ɗaukewa yana dawowa, tana iya dawowa da sabon adireshi, ko na'urar kamfanin sadarwa da ke tsakani ta manta da haɗin ba ta gaya wa kowa ba. Ma'ajiya na ganin haɗinta lafiya lau. Sai ta ranta shi, a tura buƙata, a ji shiru. Saboda haka ne Apache HttpClient, daga na 4.4, yake duba duk haɗin da ya yi fiye da sakan biyu a kwance kafin ya bayar da shi, ko da yake dubawar ba ta kama kowace irin mutuwa.

Idan aka ji shiru, a sake turawa? Idan buƙatar ta karanta bayani ce, kamar duba ragowar kuɗi, babu laifi. Idan ta tura kuɗi ce, shirun ba ya nuna ko sabar ta karɓa ta aiwatar kafin haɗin ya yanke. Sake turawa a makance shi ne a cire wa mutum kuɗi sau biyu. Maganin da masu hankali ke bi shi ne kowace hada-hada ta tafi da lambarta ta musamman, yadda idan sabar ta ga lambar a karo na biyu za ta maimaita amsar farko kawai, ba ta sake taɓa asusun ba. Wanda ke rubuta manhajar kuɗi don mutanen Zamfara bai sa wannan ba, bai gama aikinsa ba. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci a rufe sabis a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, har mutane na hawa mota zuwa jihohin maƙwabta don su buga waya, ba ma buƙatar a gaya mana cewa layi na iya yankewa a tsakiyar magana. A irin wannan hali babu ma'ajiyar da za ta yi amfani. Sai dai manhajar ta iya adana aikin a cikin wayar har sabis ya dawo, kuma wannan zance ne na wani babin.

HTTP/2, wanda ya fito a watan Mayu na 2015 daga gwajin SPDY na Google, ya sauya lissafin daga tushe. Haɗi ɗaya yanzu yana ɗaukar buƙatu da yawa a lokaci guda, ƙa'idar ma ta ba da shawarar kada saba ta ƙayyade su ƙasa da 100. Don haka hanya ɗaya haɗi ɗaya ya ishe ta. Har iyakar da ke tsakanin hanyoyi ta ɗan sassauta: idan sunaye biyu na kan adireshi ɗaya kuma takardar shaidar sabar ta ƙunshi dukansu, burauza na iya tura buƙatunsu ta haɗi guda. Sai dai an tara komai a wuri ɗaya. TCP ba ya miƙa bayani sai a jere, don haka idan guntun saƙo ɗaya ya ɓace a iska, duk buƙatun da ke cikin haɗin sai sun tsaya har a sake aiko shi. A inda sabis ke da ƙarfi ba a cika lura ba. A ƙauyen da sanda ɗaya ke nunawa a waya, ana ji a jika.

HTTP/3 na watan Yunin 2022 ya bar TCP ya hau kan wani tsari mai suna QUIC. A nan ɓatan guntu ɗaya buƙatar da ya shafa kaɗai yake tsayarwa, gaisuwar buɗe haɗi da ta kullewa sun haɗe wuri ɗaya, kuma haɗin yana da lambar shaidarsa da ba ta dogara da adireshin waya ba, yadda zai iya rayuwa ko da wayar ta tashi daga wayifai ta koma data. Google da Facebook da Cloudflare suna amfani da shi sosai. Amma QUIC a kan UDP yake tafiya, wata hanyar aika saƙo da ba TCP ba, kuma a ofisoshin da aka toshe UDP burauza komawa TCP take yi. Tsakanin saba da saba kuma, inda kuɗin mutane ke ratsawa, HTTP/1.1 bai tafi ko'ina ba: Apache HttpClient na 4 ba ya jin wani yare sai shi, a na 5 ma sai an koma sabon sashensa kafin a samu HTTP/2.